Jakin jita: ƙaramin ƙarfen da ya kusa ɓata mana aikin wata uku

A hutun da ya wuce na dawo gida Gwadangaji daga jami'a, na tarar da ƙanena, ɗan aji biyu na babbar sakandare, ya mayar da zauren gidanmu wurin aikin kafinta. Ga guntun katakon maɗaci, ga sanfefa, ga tef ɗin awo da ya aro wajen tela. Wai jitar lantarki yake haɗawa, zai kai baje kolin ƙungiyar JETS ta makarantarsu. Ya yanke gangar jikin, ya kuma samu wuyan wata tsohuwar jita. Abu ɗaya ya rage.

"Yaya, jaki nake nema," in ji shi.

Na yi dariya, na ce ya tafi kara ranar kasuwa. Ashe ni ne ban sani ba. A wajen makaɗan molo, garaya, gurmi da goge, jaki shi ne ɗan itacen nan da ke zaune a kan fata, tsirkiya ta hau bayansa. Turawa gada suke ce masa. A jitar lantarki da ƙarfe ake yin sa, kuma kowace tsirkiya tana da ɗan mazauninta da suke kira sirdi, ko da yake mu akumari muka san jaki da shi.

Aikin da jaki yake yi

Jaki yana da aiki uku. Na farko, shi ne iyakar tsawon tsirkiya. Wanda ya yi darasin sauti a fiziks zai tuna cewa idan aka rage tsawon waya zuwa rabi, yawan kaɗawarta yana ninkawa biyu. Ƙarafan da ke jere a wuyan jita, waɗanda za mu kira gaɓoɓi, a kan wannan lissafi aka dasa su. Gaɓa ta 12 ita ce tsakiyar tsirkiya daidai. Yawancin jitocin Fender tsawon tsirkiyarsu milimita 648 ne, na Gibson kuwa kimanin 628. Ke nan idan daga matashin da ke kan wuya zuwa gaɓa ta 12 ka auna milimita 324, dole jakinka ya zauna a 648. Wuya ne yake faɗa wa jaki inda zai tsaya, ba sha'awar mai haɗawa ba.

Na biyu, shi ke ƙayyade tsayin tsirkiya daga wuya. Idan ta yi sama, yatsa ya sha wuya. Idan ta yi ƙasa, ta riƙa gogar gaɓoɓi tana zizar ƙudan zuma. Wajen milimita 2 a gaɓa ta 12 shi ne abin da yawancin makaɗa suke so.

Na uku, ɗaukar kaya. Tsirkiyoyi shida masu matsakaicin kauri, idan aka ɗaure su, jansu ya kai wajen kilo 45, kusan buhun siminti guda, dare da rana. Lallai sunan jaki ya dace da shi.

Iri uku da za ka tarar

Akwai shimfiɗaɗɗen jaki marar motsi: farantin ƙarfe da ake ɗaurewa da sukuru kai tsaye a kan katako, sirdi shida ko uku a kansa. Irinsa ne a jitar Telecaster, wadda kamfanin Leo Fender ya fara fitarwa a Amurka a 1950 da wani suna, ta samu wannan sunan a 1951. A wasu, tsirkiya tana shiga ta bayan farantin. A wasu kuma sai an huda gangar jiki ta ɓullo ta baya.

Akwai Tune-o-matic na kamfanin Gibson, wanda Ted McCarty ya tsara a farkon shekarun 1950. Yana tsaye a kan ƙafafu biyu, kuma yawanci da wani ƙarfe daban a bayansa da ke riƙe ƙarshen tsirkiyoyi. Dogo ne, shi ya sa jitocin da ke amfani da shi wuyansu yake ɗan kwantawa baya.

Sai mai lilo, wanda ake danna masa hannu sauti ya yi rawa. Ya yi suna da Stratocaster ta 1954. Sifirin ne a cikin rami a bayan jita suke ja ta wani gefe, tsirkiyoyi na ja ta ɗaya gefen. Daga baya, a shekarun 1970, Floyd Rose ya ƙirƙiro nasa mai kulle tsirkiya gaba da baya. Yana da ban sha'awa, amma idan tsirkiya ɗaya ta tsinke a jakin da ke lilo, sauran biyar duk sai sautinsu ya kauce, don ma'aunin ya karkata.

Inda muka yi kuskure

Mu dai ido muka bi. Mun ga hoton Tune-o-matic yana ƙyalli, muka haɗa kuɗin da ƙanena ya tara tun ƙaramar salla da ɗan abin da na rage na makaranta, muka yi saƙonsa daga Kano. Da ya iso, muka huda ramuka biyu, muka dasa, muka ɗaura tsirkiyoyi. Wuyanmu kuwa a miƙe yake da gangar jiki, babu kwanciya ko kaɗan. Ko da muka sauke jakin har ƙasa, tsirkiya tana sama da gaɓa ta 12 da milimita 8. Fensir yana wucewa ta ƙarƙashinta.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni. Ba mu auna daga matashi ba, mun duba inda ya yi kyau a ido ne kawai. Jakin ya matso gaba da kusan santimita guda. Idan aka kaɗa tsirkiya a sake, sauti daidai. Da zarar an danna gaɓa, sai ya haura, kuma yana ƙara kaucewa yayin da yatsa ke gangarowa. Sirdin Tune-o-matic 'yan milimitoci kaɗan yake iya matsawa, don haka babu gyara.

Saura mako uku baje koli. Ƙanena ya zauna ya yi tagumi, ya ce shi ya fasa. Wani tsohon kafinta a unguwarmu, abokin mahaifinmu, shi muka kai wa kuka. Ya juya jitar, ya duba ramukan.

"Baba, ko dai mu sake sabon katako?" na tambaye shi.

"Ku yaran nan, wa ya ce ku huda kafin ku auna? Katakon bai mutu ba. Ku bar shi nan."

Ya fere itace daidai ramukan, ya shafa gam, ya cusa, ya goge. Mu kuma muka samu mai gyaran kayan kiɗa da ya yarda ya karɓi namu ya ba mu tsohon shimfiɗaɗɗen jaki mai sirdi shida. Mun yi asara a musayar, amma mun tsira da jitar.

Kafin ka saya, auna huɗu

Na ɗaya, tsawon tsirkiya: auna daga bakin matashi zuwa tsakiyar gaɓa ta 12, ka ninka biyu, ka ja layi da fensir. Matso da sirdin siririyar tsirkiya kusa da ƙarshen gabansa, ka ɗora shi a kan layin. Dalili shi ne sirdi baya yake buƙatar komawa. Danna tsirkiya yana ƙara mata ɗauri, don haka ake ɗan ƙara mata tsawo, siririyar milimita 1 ko 2, mai kaurin fiye da haka.

Na biyu, tsayi: ɗora doguwar rula a kan gaɓoɓi har ta kai inda jaki zai zauna, ka auna tazarar da ke tsakaninta da katako. Sirdi ya kamata ya ɗan ɗara wannan tsayin kaɗan. Da mun yi wannan awon na minti ɗaya, da ba mu sayi dogon jaki ba.

Na uku, faɗi: tazarar tsirkiya ta farko zuwa ta shida ta bambanta, daga wajen milimita 52 zuwa 56. Idan jaki ya fi wuya faɗi, tsirkiyoyin gefe za su riƙa zamewa daga baki. Ɗaura zare biyu daga matashi zuwa sirdin gefe da gefe, ka tabbata tazararsu da bakin wuya ɗaya ce kafin ka huda. Haka kuma ka duba sun bi ta kan maganaɗisun da ke ɗaukar sauti.

Na huɗu, kayan aikin da kake da su. Jaki mai lilo yana buƙatar a fafe rami har ya ɓulla baya. Wanda tsirkiya ke ratsa katako yana buƙatar ramuka shida miƙaƙƙu, abin da ke da wuya da injin huda na hannu. Wanda ake zura tsirkiya ta bayan faranti kuwa, sukuru kaɗan ne kawai.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Da hunturu katako yana bushewa ya tsuke, da damina ya sha danshin fadamar Rima ya kumbura, wuya ya ɗan lanƙwasa. Jakin da kowane sirdinsa ke hawa da sauka da kansa ya fi sauƙin bi da wannan canji. Gumi da ƙura kuma suna kawo tsatsa, sai a riƙa goge shi bayan kiɗa, a ɗiga wa sukurun ɗan man keken ɗinki.

Kada a manta da siririyar waya daga ƙarƙashin jaki zuwa ɓangaren at na soket ɗin jita. In babu ita, amfilifaya za ta yi ta ƙugi. Kuma jita ba a haɗa ta da wutar gida kai tsaye, amfilifaya kawai ake jona ta. Don gwaji, mai batir ta fi aminci.

Idan babu kuɗin saye fa?

Rashin kuɗi bai taɓa hana makaɗi ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar da wayar birkin keke ya yi tsirkiyoyin jitarsa ta farko. Brian May na ƙungiyar Queen a Ingila shi da mahaifinsa suka haɗa tasa a farkon shekarun 1960, da tsohon katakon murhu da sifirin na babur, kuma har yau yana kaɗa ta. Mai walda zai iya lanƙwasa maka farantin ƙarfe, ya huda ramuka shida, ka ɗora guntun rodin tagulla a matsayin sirdi, ka ɗan karkata shi ta yadda gefen tsirkiya mai kauri zai koma baya. Ba zai kai na kanti daidaito ba, amma zai yi kiɗa.

Daren jajibirin baje koli muka gama saiti da manhajar waya. Dokar mai sauƙi ce: kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danna gaɓa ta 12. Idan na biyun ya haura, mayar da sirdi baya. Idan ya gaza, matso da shi gaba. Sai ƙarfe goma sha ɗaya muka gama ta shidan.

Jitar ba ta zo ta ɗaya ba, wani injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ne ya ci. Amma malamin fiziks ɗinsu ya aro ta, ya koyar da darasin tsawon waya da sauti da ita a aji. Tabon ramuka biyun nan yana nan a jikinta, kuma ƙanena ya hana a rufe shi da fenti.