Allo ɗaya ga dukan dutse: abin da ƙwararren ɗan zamiya ke dubawa kafin ya saya

Duk wanda ya saba da filayen zamiya na tsaunukan Alps ko na jihar Kolorado a Amurka ya san cewa dusar ƙanƙarar da ya taka da safe ba ita zai taka da la'asar ba. Da hantsi, hanyoyin da motoci suka kwana suna bajewa a daskare suke, sai bakin ƙarfe mai kaifi ke iya kama su. In an yi sa'a dusa ta zuba cikin dare, a gefen hanya da tsakanin bishiyoyi akwai gari mai laushi da mutum zai nutse a ciki har gwiwa. Kafin azahar jama'a sun tattake wurin, ya koma tudu da kwari. Rana ta ɗan yi zafi kuma, dusar gindin dutse ta jiƙe, ta yi nauyi, tana riƙe allo. Mutum ɗaya ne, da allo ɗaya ɗaure a ƙafafunsa, zai ratsa wannan duka.

Wasan zamiya a kan allo bai tsufa ba. A ranar Kirsimeti ta 1965 wani injiniya mai suna Sherman Poppen, a garin Muskegon na jihar Mishigan, ya haɗa sandunan zamiya biyu wuri ɗaya don 'ya'yansa mata su yi wasa a tsaye. A 1977 Jake Burton Carpenter ya fara ƙera alluna a jihar Vermont, kuma sai a 1998, a Nagano ta Japan, wasan ya shiga gasar Olimfik ta hunturu. Daga nan alluna suka rarrabu: na tsalle-tsalle daban, na garin dusa mai zurfi daban, na tseren gudu daban. A tsakiyarsu akwai allon ko'ina, wanda ake so ya taɓa kowane fanni. Zaɓensa ya fi wuya ga ƙwararre fiye da ɗan koyo, domin ƙwararre yana jin duk abin da aka rage wa allo a tafin ƙafarsa.

Kuma dole a rage wani abu. Taura biyu ba sa taunuwa: abin da ke sa allo ya kama daskararriyar ƙanƙara shi ne ke sa shi nutsewa a gari, abin da ke sa shi yawo a saman gari shi ne ke sa shi rawa idan gudu ya yi yawa. A ganina babban kuskuren masu saye shi ne sayen allon ranar da suke mafarki. Mutum ya kalli bidiyon Niseko a tsibirin Hokkaido, inda dusa ke zuba kusan kullum a tsakiyar hunturu, ya sayo allo mai faffaɗan hanci, alhali dutsen da yake zuwa kowane ƙarshen mako a Vermont yake, inda ƙanƙara mai tauri ta zama abin yau da kullum. Dusar da ka fi takawa ita ya kamata ta zaɓa maka allo.

Ma'aunin farko ba shi da wani armashi, shi ya sa ake tsallake shi: faɗin ƙugun allo. Ƙafa a gicciye take kan allo, don haka yatsu da diddige sukan ɗan leƙo waje. Leƙowar santimita ɗaya zuwa biyu a kowane gefe daidai ne, tana ba ƙafa ikon danna baki. Idan ta wuce haka, duk lokacin da mai allo ya kwanta sosai a kwana, takalmi zai taɓa dusa ya ɗaga bakin ƙarfen, sai faɗuwa. Ɗan koyo ba ya kwanciya har haka, ƙwararre kuwa kullum a can yake. Allunan maza na yau da kullum ƙugunsu wajen santimita 25 ne, masu faɗi kuma daga 26 zuwa sama, kuma mai sa takalmi lamba 44 ko 45 a ma'aunin Turai ya fara duba masu faɗin. Amma allon da ya yi wa ƙafa faɗi da yawa shi ma matsala ne, yakan yi nawa wajen sauyawa daga baki zuwa baki.

Tsawo kuwa, an daɗe ana cewa a tsayar da allo, in ya kai tsakanin haɓa da hanci ya yi. Wannan tsohon yayi ne. Allo nauyin mutum yake ji, shi ya sa kowane kamfani ke buga jadawalin kilo nawa ya dace da wane tsawo. Can ya kamata a duba.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne lanƙwasar allo. Ajiye shi a ƙasa ka duba ta gefe. Na gargajiya yana da doro: tsakiyarsa a ɗage take, yana taɓa ƙasa ne kusa da hanci da kusa da wutsiya. Idan mutum ya hau, nauyinsa ya danne doron, sai matsin ya bazu a dukan tsawon bakin ƙarfe. Allon yana aiki kamar baka da aka ja, yana tara ƙarfi a cikin kwana, ya sake shi a ƙarshenta, ya cilla mai shi zuwa kwana ta gaba. Ba abin da ya kai shi riƙo a kan tauri. Illarsa ita ce ba ya yafiya, ɗan sakaci kaɗan baki ya cije dusa, mutum ya sha ƙasa, kuma a gari hancinsa yakan so nutsewa.

A tsakiyar shekarun 2000 kamfanin Lib Tech da ke jihar Washinton ya fito da Skate Banana, allo mai gantsara, wato tsakiya a ƙasa, hanci da wutsiya a sama. Ya karɓu ƙwarai domin yana juyawa cikin sauƙi, yana yawo a gari, ba ya yawan cijewa. Sai dai a gudu mai tsanani yakan yi santsi a ƙarƙashin ƙafa. Don rage wannan, kamfanin yana sa wa bakin allunansa ƙananan tudu-tudu da ya kira Magne-Traction, waɗanda ke ƙara wuraren cizo a kan ƙanƙara. Yau yawancin allunan ko'ina gauraye ne, kuma gaurayen iri biyu ne da bai kamata a rikita su ba. Akwai mai gantsara tsakanin ƙafafu da ɗan doro a ƙarƙashin kowace ƙafa, salon da aka san Never Summer na birnin Denver da shi. Wannan yana da sakin jiki da saurin juyi. Akwai kuma mai doro tsakanin ƙafafu da ɗagaggen hanci da wutsiya, irin Mountain Twin na kamfanin Jones ko Mercury na Capita. Ga wanda ya ƙware, wanda ke son yanka kwana da baki maimakon jan allo a kaikaice, na biyun nake ganin ya fi dacewa, domin ya riƙe ƙarfin doro inda nauyi yake, ya kuma sassauta inda allo ke yawan cijewa. Shi kansa Burton Custom, wanda ke kasuwa tun 1996, ana yin sa da cikakken doro, ana kuma yin sa da gauraye, alamar cewa har yau ba a gama wannan muhawara ba.

Sai yankan gefe. Allo ya fi faɗi a hanci da wutsiya, ya tsuke a ƙugu, don haka kowane gefensa yanki ne na babbar da'ira. A allunan ko'ina, daga tsakiyar da'irar zuwa bakinta yakan kama mita 7 zuwa 9. Idan aka karkata allo aka danna, yakan lanƙwashe har bakin ya kwanta a kan dusa, sai ya bi da'irar da kansa. Ƙara karkatawa, kwanar ta ƙara tsukewa. A lissafi, allo mai mita 8 da aka karkata digiri 60 zai yanka kwana mai kusan mita 4. Mai ƙaramin adadi ya fi daɗi tsakanin bishiyoyi, mai babban adadi ya fi natsuwa a buɗaɗɗen gangare.

Siffa ba ta da dogon bayani. Allon da gabansa da bayansa suke daidai na mai yawan tafiya da wutsiya a gaba ne da mai tsalle. Wanda aka ja wurin tsayuwarsa baya sosai na mai farautar gari ne. Tsaka-tsakinsu, mai kusan daidaito amma da ɗan ja baya na santimita ɗaya ko biyu, shi ne na ko'ina, kuma ranar da dusa ta zuba da yawa ana iya kwance maɗaurin ƙafa a ƙara matsar da shi baya.

Batun tauri ne ke yaudarar ƙwararru. Kamfanoni suna rubuta adadi daga 1 zuwa 10, amma babu ma'auni ɗaya da ya haɗa su, shidan wannan na iya zama bakwan wancan. Da yawa suna ɗauka cewa ƙwarewa tana nufin ɗaukar mafi tauri. Allo mai tauri sosai yana da daɗi a tsananin gudu, amma sai an yi kokawa da shi a matsatsin wuri, kuma kafin la'asar cinyoyi sun mutu. Gajiya kuwa ita ce ke kawo rauni a gangarowar ƙarshe. Matsakaici mai ɗan ƙarfi, wajen 6 ko 7, ya ishi yawancin mutane, sai mai nauyin jiki ko mai son gudu zalla ya haura. Taurin yana fitowa ne daga katakon ciki, galibi na itacen fofula ko wani mai rashin nauyi, wani lokaci da gora, da kuma yadda aka shimfiɗa zaren gilashi da na kabon a kansa. A nan ne kuma ya kamata a tuna da takalmi da maɗauri: allo mai ƙarfi a ƙarƙashin takalmi mai laushi ba zai ji umarnin ƙafa ba.

Tafin allo iri biyu ne. Wanda aka narka roba aka shimfiɗa ya fi araha da sauƙin gyara. Wanda aka matse garin roba da zafi ya fi tauri da gudu, yana kuma riƙe kakin da ake shafawa, amma yana son a riƙa shafa masa a kai a kai. Ƙwararre na biyun zai ɗauka, ba don tsere ba, sai don kada ya maƙale a shimfiɗaɗɗen wuri ya kwance ƙafa yana turawa.

Allo mai kyau yakan kai dala 500 zuwa sama, kuma zai yi shekaru ana hawansa, don haka bai kamata a saye shi da ido kawai ba. Shaguna da dama a gindin tsaunuka suna ba da hayar sababbin alluna don gwaji, wasu ma sukan cire kuɗin hayar daga farashi idan mutum ya saya. Mai gwaji ya je da takalminsa, ya ɗaura maɗauri a faɗi da kusurwar da ya saba, don kada ya ɗora wa allo laifin tsayuwa. Kada kuma ya tsaya a kan shararriyar hanyar safe, inda kusan kowane allo ke da daɗi. Ya riƙe shi har bayan azahar, ya shiga da shi tattakakken wuri da gangare mai tauri, ya gwada tsayawa farat ɗaya a kan diddige da kan yatsu, sannan ya ɗauki na biyu ya bi hanyoyin nan dai da shi kafin ya biya kuɗi.