Ranar da Matan Abijan Suka Taka Zuwa Bassam

Mai karatu, a ce yau da asuba hakimi ya aiko dogari ƙauyenku, ya ce Bature na son ƙarti ashirin, kuma sunanka na ciki. Ba ka yi sata ba, ba a bin ka bashi. Za a loda ku a tarago a kai ku kurmi ku sare itacen katako ko ku yi shara a gonar gahawa wata da watanni, gonarka ta mutu da ciyawa. In ka gudu, a kama tsohonka a madadinka. Me za ka yi?

Haka ake yi a Kodebuwa har zuwa 1946. Faransa ta soke bauta a ƙasashen da take mulka tun 1848, ta sake haramta cinikin bayi a Afirka ta Yamma a 1905, amma aikin tilas na nan daram. A 1932 ma sai da aka rushe mulkin Upper Volta, wato Burkina Faso ta yau, aka haɗe yawancinta da Kodebuwa, kuma babban dalili shi ne a riƙa kwaso Mosawa zuwa gonakin kudu ba shamaki. Jikokin waɗannan bayin Allah ne aka wayi gari ana kira baƙi, a rikicin "wane ne ɗan ƙasa" da ya kai ga yaƙin basasar 2002. To, wa ya fara tsinka igiyar?

Nan abin mamakin yake. Hakimi ne, kuma attajirin manomi. Félix Houphouët-Boigny likita ne da ya yi karatu a Dakar, daga baya ya gaji sarautar Akouè a yankin Yamoussoukro, a zamanin da tattara mutane domin aikin tilas yana cikin aikin hakimai. Manoman koko da gahawa baƙar fata sun ga Turawa na samun lebura kusan a banza da farashi mai tsoka, su kuwa an bar su da cizon yatsa. A 1944 suka kafa ƙungiyar manoma ta Syndicat agricole africain, Gwamna André Latrille ya ɗaure musu gindi. Suka nemi lebura da yardarsa, da lada ninkin-ba-ninkin na Bature, mutane suka zo da ƙafarsu. Tun daga nan ƙaryar cewa baƙar fata ba ya aiki sai da bulala ta ƙare.

Wani zai ce ai son kai ne, aljihunsu suke karewa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ni dai a ganina, wanda aka kwance wa igiya daga ƙugu bai damu da abin da ke zuciyar mai kwancewa ba. Aka zaɓi Houphouët ɗan majalisa a Faris a ƙarshen 1945. Ran 9 ga Afrilu 1946 aka kafa jam'iyyarsa ta PDCI a Étoile du Sud, wani gidan shaƙatawa a unguwar Treichville ta Abijan. Kwana biyu bayan haka, ran 11 ga wata, dokar da ke ɗauke da sunansa ta haramta aikin tilas a duk ƙasashen da Faransa ke mulka, har da Nijar. Kana tsammani Turawa masu gonaki za su haɗiye wannan?

Ina! Suka yi ta kai gwauro suna kai mari har aka ɗauke Latrille. A 1948 aka kawo sabon gwamna, Laurent Péchoux, wanda ya zo da niyyar karya jam'iyyar, ana fakewa da ƙawancenta da 'yan kwaminis na Faransa. Abijan ta lokacin rabe take: Turawa a Plateau, baƙar fata a Adjamé ta arewa da Treichville a tsallaken ruwa, inda Baule da Bete da Jula da Mosawa da Hausawa fatake ke zaune ƙofa da ƙofa. Ran 6 ga Fabrairu 1949, Étienne Djaument, wanda ya fice daga jam'iyyar ya kafa tasa, ya kira taro a silimar Comacico a Treichville. Aka kaure da faɗa, aka yi asarar rai. Gwamnati ta samu abin da take nema. Ta kwashe shugabannin PDCI takwas, cikinsu har da Jean-Baptiste Mockey da Mathieu Ekra da Séry Koré da marubuci Bernard Dadié, ta kulle su a kurkukun Grand-Bassam.

Wata goma ba shari'a. Ran 12 ga Disamba fursunonin suka daina cin abinci. A kasuwanni aka ƙaurace wa kayan kantunan Turawa. Kwana na wucewa, labari na zuwa cewa mutanen nan suna ramewa.

Yanzu, mai karatu, sa kanka a matsayin matar ɗaya daga cikinsu. Kina da tallar da ke ciyar da gida, kina da goyo. Tsakanin Abijan da Bassam kusan kilomita 40 ne, hukuma kuma ta hana direbobi ɗaukar ku. Za ki zauna ki jira maza su yi shawara?

Ba su jira ba. Daga 22 ga Disamba matan Treichville da Adjamé suka fara sulalewa ƙungiya-ƙungiya, wasu ta hanya, wasu ta bakin teku, cikin yashi da itatuwan kwakwa, don kauce wa shingen 'yan sanda. Wanda ya taɓa tafiya cikin yashin bakin teku ya san yadda ƙafa ke nutsewa, taku ɗaya ya zama biyu, ga rana, ga ɗa a baya. Yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba, ba su kuma jin yaren juna sosai. A cikin jagororinsu akwai Anne-Marie Raggi da Marie Koré, matar Séry Koré.

Safiyar 24 ga Disamba 1949, jajiberin Kirsimeti, suka doshi gadar da ke shiga unguwar Turawa ta Bassam. Jami'an tsaro suka tare su, aka sakar musu ruwa da mesa, aka bi su da kulki da hayaƙi mai sa hawaye. Mata suka faɗi cikin taɓo, suka tashi, suka sake dannawa. Aka ji wa da dama rauni, aka kama wasu. Marie Koré na cikinsu, da 'yarta goye a bayanta.

An saki mazan? Ba a sake su ba a ranar. Sun janye yajin cin abinci, kuma hukuma ta gane ba za ta iya ci gaba da ajiye su ba shari'a ba, sai ta gurfanar da su a Maris 1950, ta ɗaure wasunsu shekaru. Kafin nan, a Janairu, an buɗe wa jama'a wuta a Dimbokro, mutum 13 suka mutu. Houphouët ya duba jinin da ya zuba, ya canza taku: a 1950 ya raba gari da 'yan kwaminis, ya sasanta da ministan ƙasashen ƙetare François Mitterrand. Wasu magoya bayansa sun kira abin hikima, wasu sun kira shi sayar da kai. Kai da ka yi tafiyar nan da ƙafarka, wanne za ka kira shi?

Gadar tana nan har yau, ana kiranta Pont de la Victoire, gadar nasara. Houphouët ya zama shugaban ƙasa a 1960, ya yi mulki har rasuwarsa a 1993. Marie Koré ta rasu a 1953, saura shekara bakwai a sauke tutar Faransa.