Wa Zai Riƙe Amanar Tarihin Adar?

A shekarar 1975, cibiyar binciken al'umma ta Yamai, wadda aka fi sani da IRSH, ta fitar da littattafai biyu a kan ƙasar Adar. Ɗaya na Jibo Hamani ne, masanin da Jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa a yau, wanda ya bi diddigin sarauta da yaƙe-yaƙen Adar kafin zuwan Turawa. Ɗayan kuma na Nicole Échard ne, Bafaranshiyar da ta daɗe tana zama da manoma da maƙera da ƴan bori, ta rubuta tarihin ƙasar yadda talakawan karkara ke tuna shi. An yi rabin ƙarni ke nan, amma har yanzu duk mai son sanin Adar sai ya koma wa waɗannan littattafai. Wannan abin yabo ne ga marubutan, sai dai da Faransanci aka rubuta su, kuma manomin Kalfu ko na Bambay, wanda irin kakanninsa ne suka ba da labaran, da wuya ya taɓa jin abin da ke cikinsu. Don haka Adar na bukatar ƙungiyar tarihi tsayayya, mai mazauni a Tawa, kuma jagorancinta bai kamata ya zama na gida ɗaya ba, ko da gidan sarauta ne.

Dalili na farko yana cikin tarihin kansa. A 1674 ne Agabba, ɗan Sarkin Abzin Muhammadu Mubaraku, ya ci Adar da yaƙi ya raba ta da ikon Kabi, kuma daga zuriyarsa sarautar Sarkin Adar ta Illela ta samo asali. In aka tambayi fada, nan labarin ke ɗaukar armashi. Amma Agabba ya tarar da mutane a ƙasar, Azna masu gonaki da tsafi da sarakunan noma, waɗanda ke ƙirga zamani da kafa gari da haƙa rijiya da shekarun yunwa. Birnin Tawa ma daga Bilbis da Fakuwa ya tsiro, unguwannin da har gobe ake kiran su da sunayensu. Lisawan da suka zo tare da Agabba suna da nasu labarin a wajen Keita. A farkon ƙarni na 19 Muhammadu Jelani ya ta da jihadi tsakanin Buzaye, Kel Geres suka yi ƙarfi a kudu, mutanen Azawak suka yi ƙarfi a arewa. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi zama a wannan ƙasa, malaman Abalak kuma sun shahara da ajiyar littattafan hannu. Kowane ɗaya daga waɗannan ɓangarori yana da masu riƙe masa tarihi: maroƙan fada, limamai, maƙera, tsofaffin mata, jagororin makiyaya. Duk shugaban da ya saurari ɓangare ɗaya ya ɗauka ya ji duka, to ya zubar da sauran ba tare da ya sani ba.

Dalili na biyu shi ne abin da aka gani a wasu wurare: mutum ɗaya kan fara aikin, amma hukuma ce ke raya shi bayan ya kau. Bubu Hama ya yi amfani da matsayinsa na shugaban majalisar dokoki wajen tara littattafan Larabci da ajami daga sassan Nijar. Juyin mulkin 1974 ya raba shi da kujera, har ya kai shi gidan kaso, amma littattafan sun tsira saboda suna hannun cibiya, kuma yau akwai kimanin 4,000 a IRSH. A Yamai ɗin dai aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a 1968, wadda ta zama CELHTO a ƙarƙashin ƙungiyar haɗin kan Afirka. A Nijeriya, Kenneth Dike da abokansa sun kafa ƙungiyar masana tarihi ta ƙasa a 1955, Abdullahi Smith ya assasa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, Sakkwato kuma ta buɗe hukumar tarihi ta jiha wadda ke ɗauke da sunan Waziri Junaidu. Kano da Katsina ma kowace na da tata hukumar tarihi da al'adu. Masana tarihin Nijar sun yi babban taronsu na farko a Yamai a 1999. Darasin a fili yake: inda aka samu ofishi da ma'aikata da rajistar abin da aka ajiye, aikin kan wuce rayuwar wanda ya fara shi, inda kuwa aka dogara da ƙwazon mutum ɗaya, ranar da ya rasu magada kan raba takardunsa tare da sauran kayan gado.

Wani zai ce tun da akwai waɗannan cibiyoyi a Yamai, ga ƙwararru ga kayan aiki, me zai sa a sake wata a Tawa? Maganar na da ƙamshin gaskiya, don gyaran tsohuwar takarda da gara ta taɓa aikin gwani ne, kuma gwanayen ba su da yawa. Amma tsakanin Tawa da Yamai akwai fiye da kilomita 500, kuma malamin da ya gaji littafi daga kakansa ba zai miƙa shi ga baƙon da ya zo da mota ya kwana biyu ba. Dattijo ma ba ya buɗe cikinsa sai ga wanda ya san asalinsa, wanda zai sake gani a kasuwa ko wajen jana'iza. Yanzu kuma ba dole ne a raba littafi da mai shi ba: ana iya ɗaukar hotonsa shafi-shafi a zauren malamin, a bar masa abinsa, a ajiye kwafi a Tawa, a aika wani Yamai. Abin da ya faru a Tumbutu a watan Janairun 2013 ya isa wa'azi. Masu ɗauke da makamai sun ƙone dubban littattafai a cibiyar Ahmad Baba, mafi yawan littattafan garin kuwa sun tsira ne saboda suna hannun iyalai da suka san darajarsu. Ajiya a wuri ɗaya haɗari ce. Bayan haka, iyakar da Faransa da Ingila suka shata a 1898, suka sake gyarawa a 1904 da 1906, ta bar wani kaso na labarin Adar a rumbunan Sakkwato, kuma mutanen Tawa da Ƙonni sun fi kowa sanin hanyar zuwa can.

Akwai kuma masu cewa ƙasar da ke fama da fari da rashin tsaro ba ta da lokacin tsofaffin labarai, ciki ake fara cikawa. Ba wanda ke musun cewa hatsi da zaman lafiya su ne gaba. Sai dai waɗannan matsaloli su ne ke cinye tarihin da sauri. Garin da aka tasa saboda hari, irin abin da ya auku a yankin Tiliya a watan Maris na 2021, ba da kabarin kakanni yake gudu ba, kuma dattawansa kan watse a wuraren da ba mai tambayar su komai. Samarin Adar, waɗanda aka sani da tafiya cin rani Abijan da Nijeriya da Libiya, ba sa samun zaman hira da tsofaffi kamar da. Sa'an nan tarihi yana da amfani na yau da gobe. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar ƙasa ta gargajiya, don haka in rigima ta tashi kan gona ko burtali ko rijiya, shaidar wanda ya fara sheme daji da inda dabbobi suka saba bi ita ake nema. Labarin yadda mutane suka tsallake yunwar 1913 zuwa 1914 da farin 1973 da na 1984, da yadda aikin farfaɗo da ƙasa na Keita ya gudana daga 1984, ilimi ne da masu tsara ayyukan raya karkara ke bukata. Kuɗin naɗar muryar dattijo da wayar hannu kuwa bai kai na shan ruwan taro ɗaya ba.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne cewa tonon tarihi fama tsohon miki ne. Adar ta san bauta, wadda sai a 2003 dokar Nijar ta mai da ita babban laifi, ta san hare-hare tsakanin manoma da mayaƙa, ta san gidajen da Turawa suka ɗora kan sarauta da waɗanda suka tuɓe. Ana tsoron kada wani ya ɗauki takarda ya tafi neman rawani, ko ya goranta wa maƙwabcinsa asali. Tsoron ba na banza ba ne, kuma shi ya sa batun jagoranci ya fi komai muhimmanci. Yin shiru bai taɓa hana gori ba, sai dai ya bar fagen ga mai ƙarfin murya. Maganin shi ne kwamitin da zai haɗa wakilan sarakuna da malaman zaure da malaman jami'a da mata da maƙera da makiyaya, Hausawa da Buzaye da Fulani da Larabawa, a yi wa shugaba wa'adi, a hana mai neman kujerar siyasa ko ta sarauta riƙe ragama. Inda ruwayoyi suka saɓa, a rubuta kowace da sunan wanda ya faɗa da garinsu da ranar da aka ji. Haka masu ilimin hadisi suka koyar, kuma haka ake tace tarihin baka: a gwada shi da rubutattun tarihin Agadas da wasiƙun Sakkwato da rahotannin Turawa, a fitar da abin da ya tabbata, a bar sauran a matsayin zance. Ƙungiyar tarihi ba kotu ba ce, bai kamata ta yanke wa kowa hukuncin gado ba.

Aiki na ƙarshe shi ne mayar wa mutane abin da aka karɓa daga bakinsu. Tun 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, saboda haka babu sauran hujjar barin tarihin Adar a kulle cikin Faransanci. A fassara littattafan nan biyu da Hausa da Tamajak, a karanta su a gidajen rediyon karkara, a tura ɗaliban Jami'ar Jibo Hamani garuruwansu lokacin hutu su naɗo labarai daga Kalfu da Barmu da Afala da Buza, a kuma ba malaman makaranta taƙaitaccen bayani da za su koyar. Kira ne ga gwamnan jahar Tawa da sarakunan gargajiya da shugabannin jami'a da attajiran Adar na gida da na ƙetare: a ware ɗaki, a zaɓi amintattu, a fara da dattawan da suka fi tsufa, tun suna da rai.