Kafin Baba Ya Ce "Na Saya": Abin Da Ya Kamata A Duba A Motar Hannu

A cikin Birnin Zariya, ranar da aka shigo da mota unguwa rana ce ta kowa da kowa. Ko a Kwarbai ne ko Ƙaura ko Limancin Kona, yara za su kewaye ta, maƙwabta su yi ta zuwa suna "Allah Ya sanya alheri, Allah Ya tsare." Abin da ba a cika faɗa ba shi ne inda kuɗin ya fito. Wani garatutinsa ne na shekara 35 a bakin aiki. Wani gona ya sayar, wata kuma gadonta ne ta ba ƙaninta ya sayi Golf ko Sharon ya riƙa jigila daga Kwangila zuwa Kaduna. Idan motar ta zama ta jeka-ka-dawo wurin makaniki, abin da zai fara girgiza a gidan shi ne cefane da kuɗin makaranta.

Shi ya sa maganar ta shafe ku, ƙannena ɗalibai, duk da cewa doka ba ta ba da lasin tuƙi sai mutum ya kai shekara 18. A gidaje da yawa ku ne masu karanta takardar Turanci, ku ne kuma masu iya bincike a waya. Abin da kuke koya a darasin kimiyya da lissafi zai iya tsare wa gidanku miliyoyin naira.

Daga ina motocin suke zuwa?

A zamanin kakanninmu, ma'aikaci kan sayi sabuwar mota fil. Kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 ta zama motar gida da ta haya. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, sai aka koma ga ta hannu. Wadda aka yi amfani da ita a waje ita ake kira tokumbo ko Beljiyam, saboda da yawa daga tashar ruwa ta ƙasar Beljiyam ake lodo su. Wadda ta sauka a Jamhuriyar Benin kuma ita ce 'yar Kwatano. Sai kuma ta gida, wato wadda wani ya riga ya mora a nan Najeriya.

Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kusan kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. A ciki akwai masu lafiya, akwai kuma waɗanda a ƙasarsu an riga an yanke musu hukuncin zuwa bola.

Takarda kafin fenti

Mai saye yakan fara kallon sheƙi, alhali takarda ce farkon dubawa. Tun daga 1 ga Janairu, 2017, Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashoshin ruwa. Saboda haka motar da ta biyo ta Maraɗi ko wata ɓarauniyar hanya tana iya zuwa ba takardar kwastam, ko da ta jabu. Irin wannan za ta iya shekara tana yawo a gari, ranar da aka hau babbar hanya jami'an kwastam su kama ta. Kafin a biya ko sisi, a kai takardar ofishin kwastam a tantance.

Idan ta gida ce, a nemi takardar shaidar mallaka, da lasin mota, da takardar lafiyar mota, da inshora. A duba sunan da ke jikinsu, a kwatanta da katin shaidar mai sayarwa. In sunan wani ne daban, ina takardar cinikin da ta nuna yadda ta zo hannunsa? Sayen kayan sata laifi ne a doka, kuma "wallahi ban sani ba" ba ta cika fitar da mutum cikin sauƙi ba. Ko ya kuɓuta, motar ta tafi, kuɗin ma sun tafi.

Lambar shasi ba ta ƙarya

Ga aikin da ɗan aji huɗu zai iya yi cikin minti biyar. Kowace mota ta zamani tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofar direba, da kuma a takardu. Dole su zo ɗaya a ko'ina. Ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J Japan ce, W Jamus, K Koriya, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 kuma Kanada.

A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na goma shi ne shekarar mota. Daga 2001 zuwa 2009 alƙaluma ne, 1 zuwa 9. A na nufin 2010, B 2011, C 2012, haka nan. Wannan yana da amfani domin akwai masu sauya wa mota fitilu da bamba su maishe ta kamar sabon yayi. Idan dillali ya ce 2012 ce, kai kuma ka ƙirga ka ga 8, to 2008 ce aka yi wa kwalliya. Akwai kuma shafukan intanet da ake sa lambar, su nuna ko motar ta taɓa haɗari ko an yi gwanjonta a Amurka, wani lokaci har da hotunanta kafin gyara.

Bodi, haɗari da ambaliya

A duba mota da rana tsaka, a fili, bayan an wanke ta. A tsaya daga gefe a kalli fentin: ƙofar da launinta ya ɗan bambanta da na 'yar'uwarta an sake mata fenti. A duba tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bonet da but, in wani gefe ya fi wani faɗi, an taɓa bugawa. Ɗan maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana kama ƙarfe, amma yakan saki a inda mai gyaran bodi ya cike lotsawa da fila mai kauri. Sai dai a tuna ba ya kama roba da alminiyam. Ƙaramin bugu ba abin tsoro ba ne. Abin gudu shi ne shasin da ya lanƙwashe aka miƙe shi, ko aka yi masa walda, domin irin wannan mota tana cin taya, tana ja gefe, kuma ba ta kare mutum a haɗari na gaba.

Akwai kuma motocin ambaliya. Guguwar Harvey da ta afka wa jihar Texas a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, kuma irinsu gwanjo ake yi da araha. A ɗaga kafet a shinshina, a leƙa ramin safaya taya, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshe. Warin rima, busasshen taɓo, ko tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera, duk shaida ce. Ruwa yana cin wayoyin mota a hankali, sai bayan watanni matsalolin lantarki su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya.

A lura da sitiyari ma. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, don haka sitiyarin motocinmu a hagu yake. Wasu motocin Ingila da Japan ana sauya musu sitiyari daga dama zuwa hagu, kuma aikin da ba a yi da kyau ba yana iya taɓa birki da sitiyarin kansa.

Abin da inji ke faɗa

A nemi a tayar da mota da safe, inji na sanyi, domin inji mai zafi yana ɓoye ƙara da wahalar tashi. Kafin a tayar, a murɗa makulli rabi: fitilun gargaɗi na gaban direba, har da na inji da na jakar iska, su kama gaba ɗaya, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, wataƙila an cire ƙwanta ne don a rufe matsala.

Sai hayaƙin salansa. Shuɗi yana nufin inji na ƙona baƙin mai. Baƙi yana nufin fetur ya yi yawa, wato za ta sha mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin baƙin mai: in an ga wani abu kamar madara a jikinsa, ruwa da mai sun haɗu, galibi gaskit ya ƙone. Kada a kuskura a buɗe lagireto inji na da zafi, ruwan yana iya tsartuwa ya ƙona fuska.

A sa makaniki ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko abin da suke kira indomi yana nan. Wani sashe ne a jikin salansa mai tace hayaƙi, ana sace shi saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Sannan a sa mata kwamfuta. Motocin kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da wurin jona na'urar da ke karanto matsalolinsu. Kuma makanikin ya zama naku, wanda kuka zo da shi. Wanda dillali ya kawo, dillali yake yi wa aiki.

Mita da taya

Motar Amurka da mil take ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. In mita ta nuna 120,000, ta yi kusan kilomita 193,000 ke nan. Ana kuma iya mayar da mita baya. In ta nuna tafiya kaɗan amma robar birki ta suɗe, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa, to a yarda da kujerar.

A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4, ko da zanenta bai goge ba, domin roba tana bushewa. Tsohuwar taya a kan kwalta mai zafi a watan Afrilu, a hanyar Kano, ba abin wasa ba ce. In tayoyin sun tsufa, a cire kuɗin sababbi daga farashi.

Motar da ta dace da lungunmu

Gani ya kori ji, amma tuƙi ya kori gani. Zagaye ɗaya a filin dillalai bai isa ba. A fita da ita daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada cikin cunkoso a ga ko za ta yi zafi, a hau babban titi a ji yadda giya ke shiga, a taka birki a ga ko tana ja gefe, a bi hanya mai gargada a saurari ƙafafunta.

Sannan a yi tambayar da 'yan birni suka fi kowa sanin amsarta: za ta shiga lungunmu? An gina unguwannin cikin ganuwa tun kafin zuwan mota. Doguwar mota mai faɗi tana iya kasa juyawa a ƙofar gida, mai ƙasa-ƙasa kuma ta riƙa dukan cikinta a kwata da damina. A ina za ta kwana? Akwai kayan gyaranta a Sabon Gari ko Tudun Wada, ko sai an aika Kano ko Legas? Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, girman inji ya zama abin lissafi: mai silinda shida ta fi mai huɗu sha. Inshora mafi ƙanƙanta ta motar gida ma ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Wanda yake da miliyan biyar, a misali, bai kamata ya sayi motar miliyan biyar ba. Ya bar wani abu na canjin mai, da batir, da taya, da sauya suna a takardu.

Ranar ciniki

Ba a cinikin biri a sama. Kada a tura kafin alƙalami saboda hoton da aka gani a Facebook ko WhatsApp, musamman in an ce wai gwanjon kwastam ne da rabin kuɗi. "Wani na zuwa da kuɗi yanzu" tsohuwar dabara ce ta hana mutum tunani. A yanke la'adar dillali tun farko, a san wanda zai biya. A biya ta banki, cikin asusun mai sunan da ke takarda. A rubuta yarjejeniya da lambar shasi, da lambar inji, da farashi, da kwanan wata, shaidu su sa hannu.

Wannan ba rashin yarda ba ne, koyarwar addini ce da kuke ji a Islamiyya. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki. A fiƙihun Malikiyya kuma, ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Amma kafa hujja a gaban alƙali sai da shaida, kuma takarda ba ta mantuwa.

Dillalai da yawa mutanen kirki ne masu tsare sunansu, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin bincike. In Baba ko Yaya zai je ganin mota, ka roƙi a tafi da kai, ke ma ki roƙa a turo miki hoton lambar shasi da na takardu. Ku ƙirga, ku kwatanta, ku faɗi abin da kuka gani cikin ladabi, a gefe, ba a gaban dillali ba. Hukunci na manya ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma motar da aka fasa saye ba ta taɓa cin kuɗin makarantar kowa ba.