Muryar da Ke Rubuta Shari'a a Kotunan Amurka

A kotunan Amurka ana adana zaman shari'a kalma bayan kalma, domin kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake sauraron shaidu, rubutaccen bayanin zaman take karantawa. Cikin masu wannan aiki akwai waɗanda da murya suke yin sa. Ma'aikacin yana riƙe da wata na'ura mai rufe baki, da makirufo a cikinta, yana maimaita duk abin da aka faɗa ba tare da sautinsa ya fita ya dami zaman ba. Horace Webb ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1940. A da, ana naɗar muryar ne a buga daga baya. Yanzu manhaja irin Dragon ke mayar da ita rubutu nan take.

Horon ya fi na masu injin gajeren rubutu sauri, amma jarrabawarsa ba wasa ba ce. Ƙungiyar NVRA, mai ba da takardar shaidar ƙwarewa, tana gwada ɗalibi da kalmomi 180 a minti ɗaya a karatun zube, 200 a jawabin alƙali ga masu taya shi yanke hukunci, 225 a tambaya da amsa, kuma sai ya dace da kashi 95 cikin ɗari. Yana cikin maimaitawar zai ambaci wanda ke magana, ya furta aya da waƙafi, ya yi amfani da laƙabobin da ya koya wa manhajar don rarrabe kalmomi masu furuci ɗaya. Ga kuma kalmomin shari'a da na likitanci.

Wahalar da ta fi jan hankalin mai nazarin harshe tana wani wuri dabam. A 1973 William Marslen-Wilson ya nuna cewa wasu mutane na iya bin magana da maimaitawa da tazarar kusan rubu'in daƙiƙa, kuma ko kurakuransu suna bin nahawu da ma'anar jimla. Ashe mai maimaitawa ba aku ba ne, yana fahimta kafin ya furta. Bincikensa na gaba ya nuna cewa idan aka gurɓata furucin kalma, sau da yawa mai maimaitawa yakan gyara ta. A hira wannan baiwa ce. A kotu haɗari ne. Shaidan da ya yi tuntuɓen harshe, ya fara jimla ya yanke, ko ya saɓa wa kansa, dole a maimaita shi yadda ya faɗa, domin a kan wannan tuntuɓen lauya zai iya gina ƙararsa.