Zamanin Da Teku Ya Malale Ƙasar Fika

Duk ɗan Arewa da ya fara zuwa Ikko, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne teku, ruwan da ba a hangen ƙarshensa. To, in aka ce wa mutumin Fika ko Potiskum irin wannan ruwa ya taɓa kwanciya a kan gonar kakanninsa, sai ya ce almara ce. Alhali kuwa masana duwatsu sun tabbatar haka aka yi, shaidar kuma tana nan binne a ƙasar Fika, cikin Jihar Yobe.

A kewayen garin Fika akwai wata irin laka baƙa-baƙa wadda ta daskare ta zama dutse mai falle-falle. A 1963 wasu Turawa uku na ma'aikatar binciken ƙasa da ma'adinai ta Nijeriya, watau Carter da Barber da Tait, suka buga rahoton binciken da suka yi a lardunan Adamawa da Bauci da Barno. A ciki ne suka kira wannan dutse da sunan Fika. Har yau da wannan suna masana suka san shi, ko an tarar da shi wajen Gombe, ko can ƙarƙashin ƙasa a yankin Tafkin Cadi.

Cikin dutsen ana samun haƙora da ƙasusuwan kifi da gutsattsarin ƙoƙon kunkuru, duk sun zama dutse. A Ashaka kuwa, inda ake fasa farin dutsen da ke ƙarƙashinsa domin yin siminti, akan tsinci ɓawon wata halitta mai kama da dodon koɗi, a nannaɗe kamar ƙahon rago. Wannan halitta ba ta taɓa zama cikin kogi ko tafki ba, sai ruwan gishiri. Daga nan aka gane wani hannun teku ne ya ratso Hamada daga arewa, ya bi ta Nijar da Barno da kwarin Binuwai, har ya haɗu da tekun Atlantika.

Mai karatu zai ce, to, yaushe aka yi wannan? Masana suka ce lakar Fika ta fara taruwa kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce, tun ba a san ɗan Adam a duniya ba. Ba kuwa kintace suka yi ba, hanya uku suka bi.

Hanya ta farko duk mai haƙar rijiya ya san ta. Ƙasar da ke can ƙasa ita ta riga kwanciya, ta sama ta zo daga baya. Saboda haka farin dutsen Ashaka ya girmi lakar Fika, ita kuma ta girmi jan dutsen yashin da ke wajen Potiskum, wanda masana suka sa wa sunan Karekare.

Ta biyu ita ce halittun da ke ciki. Kowane iri yana da zamaninsa, in ya ƙare ba ya komowa. In aka tsinci ɓawo iri ɗaya a Ashaka da Faransa da Amurka, an san duwatsun sa'o'in juna ne.

Amma waɗannan biyu wa da ƙane kawai suke nunawa, ba sa faɗin yawan shekaru. Sai hanya ta uku. Cikin dutsen da ya fito daga aman wuta akwai wani sinadari, fotashiyam, wanda wani irinsa ke rikiɗa a hankali ya zama iskar da ake kira agon. Rabinsa kan rikiɗa cikin shekara miliyan 1,250, zafi ko sanyi ba sa sa shi sauri ko nawa. In aka auna abin da ya rage da abin da ya rikiɗa, sai a san lokacin da dutsen ya huce. A Amurka an sami tokar aman wuta tsakanin duwatsu masu ɗauke da ɓawo dangin na Ashaka, awo ya nuna shekara miliyan 94 ko kusa da haka. Ta nan aka sami ma'aunin da aka ɗora duwatsun Arewa a kai.

Kada a haɗa wannan da awon da aka yi wa kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a ƙaramar hukumar Fune. Shi itace ne, da sinadarin kabon aka auna shi a Jamus, aka ga ya kai kimanin shekara 8,000. Awon kabon ba ya wuce shekara 50,000, don haka ba shi da amfani ga dutsen Fika.

Wannan ilmi ba na cika takarda ba ne kawai. Cikin lakar Fika ake haƙo jifsam, farin ma'adinin da ake zuba wa siminti don kada ya yi saurin daskarewa, mutane da yawa kuma sun ci abinci da haƙarsa. Masu neman man fetur su ma sun sa wa lakar ido, domin daga ragowar ƙananan halittun teku mai yake samuwa. A watan Nuwamba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauci da Gombe, duk cikin kwarin Gongola wanda Fika ke gefensa.

Saboda haka ya kamata masu haƙar jifsam su riƙa lura. Wanda diga ta tono masa haƙori ko ƙashi mai nauyin dutse, kada ya farfasa ko ya yar. Ya riƙe wurin da zurfin ramin, ya kai wa malaman sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Maiduguri ko ta Ahmadu Bello da ke Zariya, domin ƙashin da ba a san inda ya fito ba, da wuya a faɗi shekarunsa.