Yadda matuƙin jirgi ke ɓatan titin sauka da dare

Duk wanda ya taɓa bin tirelar shanu daga wajenmu Kauru zuwa Kudu ya san yadda dare ke yaudarar direba. Ya ga fitilu a gaba, ya rantse mararrabar da yake nema ce, sai an yi nisa a gane ba ita ba ce. To, wallahi haka take faruwa a sama.

Idan gari ya yi garau, ana barin matuƙi ya sauka da idonsa, ba sai na'ura ta jawo shi ba. Da rana ba damuwa. Da dare kuwa ba ya ganin kwalta, fitilu kawai yake karantawa: farare a gefen titin sauka, kore a bakinsa, ja a ƙarshensa. Hanyar da jirage ke bi a hankali zuwa wurin fasinja kuma shuɗi ne a gefenta. Daga nesa, ga gajiya, ga hasken gari, launukan nan sukan cakuɗe.

Ranar 7 ga Yulin 2017, dab da sha biyun dare, jirgin Air Canada daga Toronto ya zo sauka a San Francisco ta Amurka. Filin na da titi biyu a jere, amma an rufe na hagu, an kashe fitilunsa. Matuƙan sun sa a ransu biyu za su gani. Sai suka ɗauki titin dama a matsayin na hagu, hanyar gefe kuma a matsayin titinsu. A kan hanyar nan akwai jirage huɗu cike da mutane suna jiran tashi. Wani matuƙi a ƙasa ya yi magana ta rediyo, wani ya kunna manyan fitilunsa. Jirgin ya sauko har kusan mita 18 daga ƙasa kafin ya sake hawa. Mutum fiye da dubu ne Allah ya kuɓutar.

Abin da ya fi ba ni haushi, an rubuta musu labarin rufe titin, amma yana shafi na 8 cikin takardu 27. Kyaftin ɗin ya haura awa 19 bai runtsa ba. Na'urar da za ta nuna musu sun kauce kuma ba a saita ta ba.

Kar mu ce abin na Turai ne. Filin Legas titi biyu ne a jere, na Malam Aminu Kano ma haka, ga hazon hunturu. A Oktoban 2013 jirgin Kabo ɗauke da maniyyata ya bugi na'urar da ke bakin titi wajen saukar dare a Sakkwato. Ba ɓatan titi ba ne, ba a kuma rasa rai ba, amma ya nuna yadda tazarar take ƙanƙanuwa.

Shi ya sa ake koya wa matuƙa su gwada abin da ido ya gani da na'ura, in suna shakka su fasa. Saboda haka ɗan'uwa, in kana dawowa gida jirgi ya kusa taɓa ƙasa sai ka ji inji ya yi ƙara ya sake ɗagawa, yi salatinka, amma kar ka zagi matuƙin. Zagaye ɗaya zai yi, ya sake daidaita titin, ya dawo.